Kududdufan da Ƙanƙara Ta Haƙa

A garinmu babu dutse. Ƙauyenmu yana tsakanin Jahun da Kafin Hausa, kuma za ka yi tafiyar yini a ƙasarmu ba ka tsinci abin da za ka jefi tsuntsu da shi ba, sai dai hoge. Rairayi ne ja-ja, tudu bayan tudu, a tsakaninsu fadama. Mai son ganin dutse sai ya nufi Dutse ko Birnin Kudu. Ruwa kam muna da shi da damina, amma ba abokin wasa ba ne. Kududdufin bayan gari yakan cika ya batse a watan Agusta, Inna kuma ta kafa mana doka a kansa da ba ta da sassauci. Tana da hujjarta: rabin yaran da ke wanka a ciki suna fitsarin jini saboda tsargiya, sannan ina ɗan shekara tara wani sa'ana ya shiga, sai bayan la'asar aka fito da gawarsa. Manya suka ce 'yan ruwa ne. Da wannan tsoron na girma, har na kai shekara 27 ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

A haka na sauka birnin Munik na ƙasar Jamus a shekarar 1996, wai na zo karatun injiniyancin ruwa. Na samu ɗaki a gidan wani dattijo da matarsa. Tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, ya shekara talatin da wani abu yana koyar da labarin ƙasa. Bakina ya kasa kiran sa'an mahaifina da sunansa kai tsaye kamar yadda ya nema, sai na ce masa a wurinmu Malam ake ce wa irinsa. Ya karɓa da murna. Matarsa kuwa Mama na riƙa ce mata tun ranar farko, ba ta taɓa gyara mini ba.

Wata Lahadi cikin Oktoba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe, da takalman tafiya a hannunsa.

"Gwada waɗannan, ɗana. Yau duwatsu sun matso kusa."

"Ina za mu je, Malam?"

"Tafki."

"Wa za mu gani a can?"

Ya dube ni, bai gane tambayar ba. Ni ma ban gane amsarsa ba. A tarbiyyar da aka yi mini, tafiya sai da dalili: kasuwa, gona, gaisuwar mutuwa, biki. Wanda ya fita ba tare da ɗaya daga cikin waɗannan ba, yawo ya tafi, kuma kowa ya san yadda iyaye ke furta kalmar nan. Su kuwa mutanen Bavariya, jihar da Munik take ciki, na tarar ranar hutu jirgin ƙasa cike yake da tsofaffi da yara, kowa da jakarsa a baya da gurasarsa a naɗe, ba su da wata buƙata face su taka ƙasa su dawo. Na daɗe kafin in daina ganin abin a matsayin ɓata lokaci.

Daga tsakiyar Munik zuwa Starnberg tafiyar kamar rabin awa ce, tashar kuma a bakin ruwa take. Kana sauka tafkin ne a gabanka, ya miƙe kudu kimanin kilomita 20, a ƙarshensa kuma tsaunukan Alps sun tsaya layi da fararen kawuna. Ranar akwai wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsun, suna ce mata Föhn. Takan share sararin sama tas har abin da ke nesa ya zama kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Abin da Malam yake nufi ke nan da duwatsu sun matso. Muka ci gaba a jirgin zuwa Tutzing, muka hau wani tudu a bayan garin mai suna Ilkahöhe, wanda bai wuce mita 730 daga doron teku ba. Shanu na kiwo da ƙararrawa a wuya. Daga can tafkin gaba ɗaya yana ƙarƙashinmu, dogo, siriri, gefensa biyu tudu ne da ya bi shi har ƙarshe.

A nan ya tambaye ni wa nake jin ya haƙa wannan rami. Na ce Allah. Ya ce shi ma ya yarda, amma da me?

Bayanin da ya yi mini ranar na ji shi daga baya a aji da manyan kalmomi, amma nasa ne ya zauna mini. Ya ce akwai zamanin da duniya ta yi sanyi, dusar ƙanƙarar da ke zuba a kan tsaunuka ba ta narkewa da bazara. Ta bana ta hau kan ta bara, shekara dubu bisa dubu, nauyin ta sama ya danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri. Idan kaurinta ya kai wani mizani sai ta fara tafiya da kanta, a hankali, kamar zuma a kan faranti. Wannan kogin ƙanƙara ya fito ta bakin kwaruruka ya bazu a fili, kaurinsa ɗaruruwan mita, cikinsa cike da duwatsun da ya ɓamɓaro, yana gurzar ƙasa da su kamar magagari. Wajen shekara 20,000 da suka wuce ya kai iyakarsa, kaɗan ya rage ya isa inda Munik take yau. Abin da ya tono ya tura shi gefe da gaba. Da ɗumi ya dawo ƙanƙarar ta narke, ramin ya cika da ruwa, tarin ƙasar kuma ya tare shi.

Na ce, "Ashe garma ce, Malam. Tafkin shi ne kwari, inda muke tsaye kuma kunya."

Sai da na zana masa kunya da kwari a ƙasa da tsinke. Ya yi ta jinjina kai, ya ce da ya san wannan misali da ya huta da shekara talatin na zane a allo. A hanyar saukowa ya tsaya a gefen wata gona inda manomi ya tara duwatsun da ya tsince, ya tona, ya zaɓo ɗaya mai girman tafin hannu, ruwan toka, sumul, ya tofa masa yawu ya goge. Jikinsa duk zane ne sirara, kamar an ja shi da allura. Ya ce farar ƙasa ce daga cikin Alps, ƙanƙara ta ɗauko ta tafiyar kilomita da yawa, zanen kuma shaidar gogayyar da ta yi da 'yan'uwanta a hanya. Ya sa mini a aljihu.

Sunan tafkin ma akwai labari. Da can Würmsee ake ce masa, da sunan ƙaramin kogin Würm da ke fita daga cikinsa. Sai a 1962 hukuma ta tabbatar masa da sunan Starnberg. Wasu masana biyu, Albrecht Penck da Eduard Brückner, sun bi ƙasar nan suna nazarin tsakuwa, suka wallafa aikinsu tsakanin 1901 da 1909, suka raba zamanin ƙanƙara gida huɗu da sunayen koguna: Günz, Mindel, Riss, Würm. Na ƙarshen, wanda ya haƙa tafkunan yankin, ya ɗauki sunan wannan ɗan rafi da yaro zai iya jifa ya tsallake. Zurfin tafkin ya kusa mita 128, kuma da yake babu wani babban kogi da ke shigarsa, ruwansa yakan ɗauki fiye da shekara 20 kafin ya sabunta. A gaɓar gabas, kusa da Berg, akwai gicciye a cikin ruwa inda aka tsinci gawar Sarkin Bavariya Ludwig na Biyu da likitansa ranar 13 ga Yuni, 1886. Mama takan tsaya a wurin ta yi shiru. Malam kuwa ya fi damuwa da tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Hunturu ya zo ya wuce, azumin farko da na yi a can ya faɗo cikin Janairu, yini gajere. Da bazarar 1997 ta kama, Malam ya ce injiniyan ruwan da bai iya iyo ba abin tausayi ne, kuma ba zai bar ni in koma gida haka ba.

Bai kai ni babban tafki ba. Kudu da Starnberg, kusa da ƙauyen Iffeldorf, akwai wasu ƙananan tafkuna kamar ashirin a cikin daji, ana ce musu Osterseen, kuma a duk wuraren da na gani a ƙasar nan babu wanda ya shiga raina kamarsu. Su ba gurza ce ta haƙa su ba. Lokacin da kogin ƙanƙarar ke janyewa, manyan curarraki sun ɓalle sun tsaya a baya, ruwan narkewa ya kwaso tsakuwa da yashi ya binne su. Duk wanda ya ga yadda masu sayar da ƙanƙara a watan azumi ke rufe ta da buhu da dusar katako don kada ta narke ya san abin da ya faru: curarrakin suka daɗe a binne bayan sauran ta tafi. Da suka narke a ƙarshe, ƙasar da ke kansu ta rufta, kowane curi ya bar ramin da ya yi daidai da girmansa. Shi ya sa tafkunan suke barkatai, wani zagayayye kamar ƙwarya, wani da tsibirai a ciki. Tun 1981 wurin yake ƙarƙashin dokar kare halittu, ba a shiga ruwa sai a 'yan wuraren da aka keɓe.

Ruwan garai-garai yake, tsakanin shuɗi da kore, kana ganin kifi da inuwarsa a ƙasa. Wannan ne ya fi tsorata ni. Kududdufinmu jajur yake da laka, ba ka ganin abin da za ka faɗa. A nan kuwa ina ganin inda ƙasa ta gangara ta ɓace cikin duhu. Lahadi uku ina tsaye ruwa iya ƙirji, hannuna damƙe da na dattijo mai shekara 68. Bai taɓa yi mini dariya ba, bai kuma ce babu abin tsoro ba. Da na ba shi labarin yaron garinmu sai ya yi shiru, can ya ce, "To saboda shi za ka koya." Ya fara da sa ni nutsa fuska ina fitar da numfashi ta hanci, sau hamsin. Sannan ya kwantar da ni rigingine, tafinsa a ƙarƙashin ƙeyata, yana ta ba ni labarin wani abu daban. Ban san lokacin da ya zare hannun ba. Na dai ji muryarsa ta yi nisa, kunnuwana cikin ruwa, idona a kan gajimare, na kama salati a zuci. Har yau idan na tuna wannan lokaci sai in ji ƙirjina ya buɗe.

Da na fara iyo sosai na gano wani abu da littafi ya gaya mini amma ban ji a jika ba. Saman ruwan da ɗumi, amma idan ka saki ƙafa ƙasa sai ka ji kamar ka taka wani tafki daban, sanyi ya kama ka har ƙashi. Ruwa ya fi nauyi a ma'aunin zafi 4, saboda haka mai sanyin yakan kwanta a ƙasa, mai ɗumin ya yi iyo a kansa, ba sa gaurayuwa sai da kaka idan sama ta huce. A gindin manyan tafkunan nan, rani da hunturu, ruwa bai cika barin wannan ma'auni ba.

Akwai abin da ya yi mini wuya ban faɗa ba: yadda mutane ke tuɓewa a bakin ruwa ba tare da jin komai ba. Ni da dogon wandona har ƙasan gwiwa nake shiga, idona a ƙasa. Mama ce ta lura. Ba ta ce uffan ba, sai kawai tafiyarmu ta koma jirgin farko na safe, mu gama iyo kafin jama'a su cika wurin. Idan azahar ta yi in yi alwala da ruwan tafkin, in shimfiɗa tawul a gindin bishiya, su biyu su zauna nesa kaɗan suna jirana. A watan Yuni magariba ba ta yi sai bayan tara na dare, yini ya yi ta miƙewa kamar ba zai ƙare ba, mu ci kyafaffen kifin tafki da suke kira Renke da gurasa, mu kama hanya.

Malam yana da abin da ke ƙona masa rai. Gundumar Starnberg tana cikin mafiya arziki a Jamus, kuma dogon yanki na gaɓar tafkin gidajen masu kuɗi ne da shinge har bakin ruwa. Duk shingen da muka zagaya sai ya ambaci sashe na 141 na tsarin mulkin Bavariya na 1946, wanda ya bai wa kowa damar shiga daji da makiyayar tsaunuka, da bin ruwa, da tsinkar 'ya'yan itacen daji daidai al'ada, ya kuma ɗora wa hukuma nauyin buɗe wa jama'a hanyar zuwa tafkuna da koguna. Saboda irin wannan tunani ne talaka ke da fili mai faɗi a Possenhofen da ake kira Paradies, inda ba a tambayar kowa ko ɗan wane ne. Ya kuma nuna mini cewa tsabtar da nake mamaki ba daga sama ta faɗo ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙazantar garuruwa ta fara kashe tafkunan, sai aka kewaye su da bututun da ke kwashe ruwan datti ya kai shi nesa. A tafkin Tegernsee aka fara, tsakanin 1957 da 1965. Duk lokacin da na wuce wani kududdufin Kano da aka cike da bola aka aza shaguna a kai, sannan damina ta zo ruwa ya rasa mafaka ya shiga gidaje, wannan hira nake tunawa, kuma raina yakan ɓaci.

Sau ɗaya na kusa biyan kuɗin rashin sani. A watan Agustan 1997, ni da wani abokina ɗan Damagaram muka je Herrsching a bakin tafkin Ammer ba tare da Malam ba, muka yi hayar ƙaramin kwale-kwale. Mun yi nisa sai muka ga wata fitila ruwan lemo tana ƙiftawa a gaɓa, jiragen masu filafilan iska kuma duk sun juya gida. Ba wanda ya gaya mana ma'anarta, mu ma ba mu tambaya ba. Cikin minti goma sha biyar yamma ta yi baƙi ƙirin, ruwan da ke kwance kamar tabarma ya tashi da fararen kawuna. Abokina bai iya iyo ba. Na ce masa ya kwanta a cikin jirgin ya yi ta kwarfar ruwa da hularsa, ni kuma na bar neman komawa inda muka taso, na bi iska har ta jefa mu cikin dogayen ciyawar wata gaɓa. Da dare Malam ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, hannunsa na rawa. Ya rubuta mini a takarda: ƙiftawa 40 a minti, iska mai ƙarfi na tafe, ka matso gaɓa, ƙiftawa 90, guguwa ce, ka fita daga ruwa.

Tafiyarmu ta ƙarshe mai tsawo a Satumban 1998 ce. Muka hau Herzogstand, tsauni mai mita 1,731. Daga ƙololuwarsa, a kudu tafkin Walchen ne, mai zurfin kusan mita 190, launinsa kamar an zuba shuni. A arewa tafkin Kochel, wanda ke ƙasa da shi da mita 200. Wannan ratar ce injiniya Oskar von Miller ya hango, aka saukar da ruwa daga na sama zuwa na ƙasa ta manyan bututu shida, tashar lantarkin ta fara aiki a 1924. Amma abin da Malam ya kawo ni in gani yana gaba: fili ya miƙe arewa, fadamar Kochel, ɗige-ɗigen Osterseen, sannan Starnberg yana sheƙi. Duk hanyar da ƙanƙarar ta bi tana kwance a gabanmu kamar sawun maciji a kan rairayi.

Yana haki ya ce, "To ku fa? Lokacin da nan ke ƙarƙashin ƙanƙara, me ke faruwa a garinku?"

Na buɗe baki na rufe. Shekara biyu ina koyon karanta ƙasar wasu, ban taɓa tambayar tawa ba.

Mako biyu ina tono a ɗakin karatu kafin in samu amsa. Wani masani ɗan Ingila, A. T. Grove, ya wallafa maƙala a 1958 a kan tsohon tekun rairayi na ƙasar Hausa. Sanyin da ya tara ƙanƙara a Alps shi ne ya ƙafar da daminar Afirka ta Yamma. Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Chadi ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta riƙa tara rairayi dogayen layuka. Da ɗumi ya dawo ruwan sama ya dawo, ciyawa ta kama tuddan ta tsayar da su inda suke. Su ne jigayinmu, waɗanda jihar da aka ƙirƙira a 1991 ta ɗauki sunansu. Bayan haka ma Chadi ya cika har gaɓarsa ta zo inda Maiduguri da Bama suke yau, kuma jirgin ruwan nan na Dufuna a Yobe, da wani makiyayi ya tarar yana haƙa rijiya a 1987, ya kai wajen shekara 8,000. Na zauna da mujallar a hannu ina ganin gonar Baba a idona, tudun da nake hawa da tulu a ka, da fadamar da muke shuka shinkafa. Da na karanta wa Malam, ya tashi ya ɗauko taswira, muka shimfiɗa a teburin cin abinci har miyar Mama ta huce.

Na koma gida a 1999. Da kaka muka hau gona da Baba, an gama yankan gero, na tsaya a kan tudun na dubi na gaba da na bayansa. Na ce, "Baba, ka lura duk jigayin nan gefe ɗaya suka kwanta?"

"Yo wa bai sani ba? Inda hunturu ke fitowa, nan suka sa kai. Shi ya sa kakanka ya gina gida a wannan ɓarin."

Na ba shi labarin ƙanƙarar da rairayin, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ikon Allah." Na ciro dutsen na miƙa masa. Ya juya shi, ya bi zanen da farce, ya tambaye ni ko mai tsarki ne. Na ce daga gona aka tsince shi, ruwan sama ya shekara dubbai yana wanke shi. Ya sa a aljihun rigarsa, bai mayar mini ba.

Wasiƙar Mama da ke sanar da ni rasuwar Malam ta zo bayan shekara goma. A 2022 na ji a rediyo cewa ɗaya daga cikin ragowar kogunan ƙanƙara biyar na Jamus, wani da ke kan tsaunin Zugspitze, ya narke har masana sun cire shi daga lissafi. Na so a ce akwai wanda zan buga wa waya. 'Ya'yana huɗu duk sun iya iyo, ni na koya musu, tafina a ƙarƙashin ƙeyarsu.

Dutsen kuwa yana wurin Baba har ƙarshen rayuwarsa. A shekarunsa biyu na ƙarshe, da ciwo ya kwantar da shi likita ya hana shi taɓa ruwan sanyi, da shi yake taimama. Yana ajiye a gefen shimfiɗarsa, kusa da carbi. Bayan an yi sadakar bakwai Inna ta naɗo shi a ƙyalle ta ba ni. Gefen da yake aza tafinsa ya yi duhu ya yi santsi, amma idan ka karkata shi ga haske, zanen yana nan.